Akumarin Mahaifina

Shekarar da Faransawa suka rufe iyaka, baffana ya kwanta ciwo a tsallaken iyakar, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Na dawo daga lakwal, makarantar Faransawa a Tibiri, na iske mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi zugum.

Ya ce, "Me aka karantar da ku?"

Na ce, "Baba, wai Faransanci ɗan Latin ne, Ingilishi ɗan'uwan Jamusanci, amma kakansu ɗaya, har kalmomi suke aron juna."

"Ashe sun san nasaba. Harsunansu na zumunci, ni a hana ni ɗan'uwana? Ɗauko akumarin jaki."

"Akwai sojoji a hanya."

"Allah ya wajabta zumunci, ba kumandan ba."

Ni na ja masa jakin har bayan gari, kuma cikin ayyukana babu wanda na fi fatan Allah ya karɓa sama da wannan.