Wurin da Mai Kalangu Yake Tsallakewa

Ka ce kullum kana rungume da gurmin nan tun hantsi har la'asar, yatsunka sun yi kanta, amma kiɗan ya ƙi zama. Ban ƙaryata ka ba, ai ina jiyo ka ta katanga. Sai dai abin da na ji yau shi na ji makon jiya, har da wurin nan da kake wucewa da sauri kamar mai tsallake kwata. Ajiye shi tukuna, in ba ka wani misali.

An yi wani makaɗin kalangu a wani gari, gidansu ne ke yi wa mahauta kiɗa tun kaka da kakanni. Da tsufa ya zo, hannunsa ya kama rawa, gular kiɗa ba ta zama masa. Ɗansa kuwa magidanci ne, ya daɗe a birni yana ɗinki, sai da girma ya dawo ya rataya kalangu. Ana nan aka sa ranar naɗin sabon Sarkin Fawa, kwana arba'in. Mahauta ba su yi nuƙu-nuƙu ba, suka ce in ɗan ba zai iya taken sarautar ba za su ɗauko makaɗa daga wani gari, kuma wanda ya kaɗa ranar naɗi shi ne makaɗinsu daga nan gaba. Ka ga kiɗa zai bar gidan ke nan, tsohon yana raye yana gani.

Ɗan nan ba rago ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Yana karya kumallo zai fito ƙofar gida, a bakin hanyar kasuwa, ya yi ta kiɗa har rana ta take. Mata masu zuwa niƙa su yi masa guɗa, wani ya jefo masa goro. To, taken yana da wani wuri a tsakiya, inda ake matse tsarkiya da hammata a saki sau uku a jere, muryar kalangu ta hau ta sauko. A nan ne kiɗan ke kiran sunan kakan mahautan garin, kuma nan ne ya gagare shi. Wa ke son tuntuɓe a gaban jama'a? Da ya iso wurin sai ya zuba duka da sauri, ya rufe ramin da hayaniya, ya koma farko inda hannunsa ya faɗa. Farkon nan ya kaɗa shi ya fi sau dubu, tsakiyar kuwa ko sau goma bai tsaya mata ba. Masu wucewa na cewa ya gaji ubansa, shi kuma ya san ba mahaucin da zai yarda a haɗiye sunan kakansa.

Da ya rage saura kwana ashirin, abinci ya daina shiga masa. Ya je ya durƙusa gaban tsohon, kunya kamar ya nutse, ya ce, "Baba, ban iya wurin sunan ba." Tsohon ya ce, "Na sani. Kwana ashirin ina jiran ka faɗa da bakinka."

Washegari tsohon ya ja shi bayan gari, gindin wata tsamiya, inda ba mai guɗa sai awaki. Ya hana shi farkon take, ya hana shi ƙarshe. Wurin nan kaɗai, a hankali, sannu-sannu har abin ya daina kama da kiɗa. Tsohon yakan ɗora hannunsa mai rawa a damtsen ɗan, ya danna inda ake matsewa, ya ɗaga inda ake saki. Ba sa wuce gwargwadon dafuwar shinkafa, sai ya sa shi ya sauke kalangu ko da bai gaji ba, su dawo da yamma su sake. Kwanakin farko abin ba daɗin ji, har awakin ma sun matsa gaba. A rana ta bakwai wurin ya fita daidai sau ɗaya, ɗan ya ɗago kai yana jiran yabo, tsohon ya ce masa ya sake. Sai da ya iya jera shi sau goma ba kuskure, sannan aka bar shi ya haɗa da abin da ke gabansa da na bayansa, yadda ya saba haɗa hannu da jikin riga.

Ranar naɗi fili ya cika, mahauta sun yi sahu, makaɗan wancan gari ma sun zo suna jira a gefe. Ɗan ya ɗauko take. Kafin ya gama jin tsoron wurin, hannunsa ya riga ya wuce shi. Wani tsohon mahauci da ke zaune tun safe ya ji sunan kakansa ya fito sarai, ya miƙe tsaye yana jinjina, hawaye na bin gemunsa. Uban da ke raɓe a bayan taro ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna a ƙasa yana hamdala. Ɗan kuwa da ya koma gida, malmala uku ya tashi da ita, ya ce a ƙaro miya.

Saboda haka gobe in za ka zo, kada ka kawo mini abin da ka iya, na ji shi har na haddace. Kawo mini wurin da kake jin kunyarsa, mu zauna a kansa. Hausawa sun gama magana da suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.