Kabad Ɗin da Ya Ƙi Fita

Kabad ɗin ya cije a ƙofar falo. Masu ɗaukar kaya suka juya shi ta kowace fuska, ya ƙi fita.

Kafinta yana tsaye kamar ba a gidansa ake yi ba. Tun rasuwar ɗansu shi da matarsa haka yake. A falon nan ya haɗa kabad ɗin, matarsa ta zana furanni a jikinsa. Sun yi magana: fenti na bushewa za ta tafi da shi gidan iyayenta, shi ke nan sun rabu.

"Maigida, kai da sana'arka?" in ji direban motar kayan. "Ya fi ƙofar da taƙi guda."

Sai kafinta ya tuna. Shi ya yanka katako, amma ita ta auna ƙofar.

Ya waiwaya. Ta riga ta ajiye jakarta.

"Ku mayar da shi jikin bango," ta ce. "A hankali, kar ku goge min fure."