Koyil ɗin da aka kwantar

Ka ce yayanka ya yi maka gyara a gaban mutane, shi ya sa mako uku ba ka taka ƙofar gidansa ba. To, matso kusa, Malam Ashiru, muryata ba ta kai nesa yanzu. Shekarun da nake yawon karatu na zauna a wani ƙauye a ƙasar Katsina, ko kusa da Malumfashi ne ko Kafur, abin ya shige mini. Akwai wani direba a garin mai tsohuwar a-kori-kura, shi ke kai mata masu man gyaɗa kasuwa. Sunansa ya ɓace mini, amma ina ganin hularsa har yanzu. Yana son motar nan kamar 'yarsa, kullum da safe sai ya goge ta da tsohon rawani kafin ya karya kumallo. Yana kuma da amini, wani makanike a bakin tasha. Tare aka yi musu kaciya, kuma kusan shekara talatin kwano ɗaya suke cin tuwon rana a kan bencin garejin.

A cikin injin irin waɗannan motoci akwai wani abu da ake kira koyil, kamar gwangwani dogo, shi ke ba fulogi wuta. Na wancan zamani akwai mai a cikinsa, mai sanyaya wayoyin da aka naɗe a ciki. An ce na yanzu wasu ba su da mai, ko yaya ka ɗaura su daidai ne, wannan ban sani ba. Wata rana direban ya taɓa koyil ya ji zafi, sai tausayi ya kama shi. Ya kwance shi daga jikin inji, ya kai shi can gefe inda iska ke shiga. Wurin ba shi da tsawo, don haka ya kwantar da shi, ya ɗaure da waya, yana cewa ko ɗan Adam in ya gaji kwanciya yake yi. Ba a yi wata biyu ba koyil ya ƙone. Amininsa ya sa masa wani, ya ce ya bar shi a tsaye inda masu ƙera motar suka ajiye shi. Direba ya koma gida ya sake kwantar da shi. Da na biyun ya ƙone, makanike ya maimaita maganar, wannan karon a gaban direbobin tasha, har da 'yar dariya. Abin ya yi wa direba ciwo. Ya ce shi da ya tsufa a kan sitiyari ba za a koya masa motarsa ba, kayan jabu ake sa masa ana neman abin fakewa. Daga ranar ya daina zuwa benci, ya sayo na uku a wani gari, shi ma ya kwantar da shi. Makanike kuwa, kullum rabin tuwonsa kan koma gida.

Ranar wata kasuwa, da rana tsaka, mota ta mutu a kan hawa, mata bakwai a baya da tulin kwalabensu. Direba ya buɗe gaban mota, ya jiƙa tsumma yana ɗora wa koyil kamar mai jinyar zazzaɓi. A cikin matan akwai wata tsohuwa, Tabawa. Ita kam na riƙe sunanta, don ta sha ba ni ƙuli-ƙuli. Ta sauko tana dogara sanda ta leƙa, sai ta ga maiƙo yana tsattsafowa daga bakin abin. Ta lakata da yatsa ta shinshina, ta tambaye shi ko mai ne a ciki. Ya ce haka aka ce.

Ta ce, "Ɗan nan, shekara nawa kana ɗaukar kayana, ka taɓa ganin na kwantar da kwalba? Ko fitila ka karkata, lagwanin da ya fita daga mai ai shi ke ƙonewa."

Matan suka yi ta dariya, wata ta ce a ba Tabawa sifana ta buɗe gareji. Direba bai yi dariya ba. Ya tsaya da tsumma a hannu, don ya gane maganar da amininsa ya faɗa masa sau biyu ke nan, ta dawo masa ta bakin mai man gyaɗa.

Washegari da rana ya doshi gareji a ƙafa, yana ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya. Bai samu ya faɗi ko ɗaya ba. Makanike na ganinsa ya miƙa hannu ya sauko da wani ƙarfe daga kan ƙusa. Ashe tun makon da suka ɓata ya ƙera mariƙin da zai tsayar da koyil a tsaye a can gefen mai iska, inda direban ke so, ya rataye shi yana jira, har ya soma tsatsa. Ya ce, "Ka daɗe, sarkin taurin kai. Wanke hannu, tuwon zai huce."

Na bar garin bayan shekara huɗu, ko biyar, koyil ɗin yana nan tsaye, su ma suna nan a bencinsu. Tashi ka je gidan yayanka tun rana ba ta yi ba, Malam Ashiru, ƙila shi ma akwai abin da ya rataye yana jiranka. Hausawa sun ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.