Hayaƙin Da Muttaƙa Bai Tayar Ba

Sau uku Muttaƙa ya yi shuka a daminar bara. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Tajaye, yana da mata da 'ya'ya biyar, kuma ba shi da komai sai gonar geron da ya gada.

Shukar farko ta tsiro, ruwa ya ɗauke kwana ashirin da biyu, rana ta ƙone ta. Ta biyu ma haka. Ta uku da geron cin gida ya yi ta, matarsa Kubura na kallo. Wannan ta kama, har ta fara fitar da kai. Sai a watan Agusta ruwan da aka yi ta roƙo ya sauko gaba ɗaya cikin wuni guda. Kwarin bayan gonar ya cika ya ɓalle. Da ruwa ya janye, rairayi Muttaƙa ya tarar a inda geronsa yake.

Ranar kasuwar Illela ya biya gidan ƙanwarsa Nasiba, malamar lakwal, wato makarantar boko. Bayan gaisuwa ya ce, "Ke da kika yi karatu, gaya mini. Zamanin Baba ba haka damina take ba. Mi muka yi?"

Nasiba ta buɗe wayarta ta nuna masa wani zane. Ta ce, "Yaya, hayaƙin motoci da masana'antu da tashoshin wuta yana taruwa a sama, yana riƙe zafi, yana rikita damina. Kowane layi nan ƙasa guda ce. An raba hayaƙinta bisa yawan mutanenta, shekara bayan shekara."

Muttaƙa ya ƙura ido. Wasu layukan sun daɗe can sama, kwanan nan suka ɗan sunkuyo. Wasu kuwa daga ƙasa suka taso, suna ta hawa kamar mai hawan tudu.

"Ina namu?"

Ta sa yatsa a can gindin zanen, kan wani layi da ke kwance, bai taɓa ɗagawa ba. "Ga shi. Abin da mutumin Nijar ke fitarwa a shekara, mutum ɗaya a Amurka ko sati bai yi ba ya fitar da shi."

Muttaƙa ya sake duban layin. Shi ko babur bai taɓa mallaka ba.

"To, ga wa zan kai ƙara?"

"Manyan duniya na taro a kai kowace shekara, Yaya."

"Taron na maido gero?"

Nasiba ta rufe wayarta.

Kaka ta zo rumbu babu komai. Wata safiya Muttaƙa ya ɗauki gatari ya nufi gawo ukun da mahaifinsa ya bari a gona. Kubura ta bi shi har bakin ƙofa.

"Malam, su ne fa takin gonar, su ke tare mata iska."

"Na sani, Kubura. Yara ba su cin inuwa."

Ya sare su, ya sayar wa masu kai itace Birnin Konni. Ya auno wa gida ɗan hatsi, sannan ya tsallaka iyakar ƙasa neman aikin ƙarfi.

Bana ruwa ya zo da wuri. Kubura da 'ya'yanta suka yi shuka, ta tsiro kyakkyawa. Kwana tara bayan haka iska ta taso, ba itace ko ɗaya da zai tare ta, ta binne tsiron da rairayi. Da Muttaƙa ya kira daga wayar wani, Kubura ta gaya masa. Ya ce kada su jira shi bana.

Mai karatu, waɗanda suka fi kowa ƙarancin hayaƙi su ne suka fi kowa shan wahalarsa. Mu san wannan, mu faɗe shi duk inda za a ji, kuma mu tallafa wa maƙwabci kafin yunwa ta kai shi ga sare itacen ƙarshe na gonarsa.