Titin da Ruwa Ya Ci

’Yan fashi na dab da cim ma jirgin ruwan wata uwa da ɗanta mai ɗauke da magani, sai uwar ta bar tsakiyar kogi, ta nufi inda teku ya haɗiye garinsu.

"Inna, gine-gine ne a ƙasa!" in ji ɗanta.

"Rufe min baki. A nan na haife ka."

Ta bi tsohon titin da ruwa ya binne, ta sha kwana daidai kasuwa. ’Yan fashin suka yanko hanya don su sha gabanta. Ji kake garam! Cikin jirginsu ya tsage.

Ko waiwaye ba ta yi ba.

"Hasumiyar tankin ruwan gidanmu suka daka. Allah ya ji ƙan babanka, kullum ina masa mitar ta cika tsayi."