Siginar Dama

Kullum da safe in ya kai kwanar layinsu, sai ya kunna siginar dama, ya karya hagu. Ita kuma matarsa tana bakin ƙofa tana kallo. Da fari tsiya take yi masa, wai wa ya koya masa tuƙi. Daga baya ta gane sallama yake yi mata. Mutum ne da ko "sannu da aiki" bai iya ba. Wannan 'yar fitilar ita ce duk abin da ta samu a auren, ta kuwa riƙe ta hannu biyu.

Sai batir ya mutu. Maƙwabci ya zo ba su wuta, ya yi kuskure ya juya kan wayoyin. Mota dai ta tashi daga baya, amma fitilun baya da sigina sun tafi.

Maigida ya rasa sukuni, ba ci sai tsaki. Abin ya yi mata daɗi a ɓoye: ashe shi ma ya damu.

Har ƙawarta mai ɗinki, wadda shagonta ke hannun dama a kwanar, ta lura.

"Yaya, motarku makancewa ta yi?"

"Ke dai bari. Ni ce na ji a jikina."

Bakanike ya canza ƙwan fitila, a banza. Sai ta ɗaura ɗamara, ta nemo mai gyaran wayar mota da kanta, ta tsaya a kansa cikin rana har ya zaro fis ɗin da ya ƙone. Washegari fitila ta kyafta. Har ƙwalla ta yi.

Ranar da za ta je jinyar innarta, shi ya kai ta tasha, har da riƙe mata jaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya tafi, mota ta kusa cika, ta tuna ta bar rigar Inna wurin ɗinki. Ta tari tasi ta koma.

Tana cikin shagon tana naɗe rigar ta hango motarsa ta fito daga gida. Ya kunna dama, ya karya hagu. Murmushi ya suɓuce mata.

Mai ɗinki ta tsayar da keke, ta jawo mayafi.

"Yaya, yi sauri, rufewa zan yi."

A nan ta tuna: shi ya sa ta a mota da hannunsa, ya san babu kowa a ƙofar gidansu.