Fitilar Kaji a Kan Ruwan Tsohon Masunci

Dakata, ɗan nan, kada ka ɗora wannan ƙatuwar fitila a kan akwatin kifinka tukuna. Jawo kujera ka ji abin da na gani da idona, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani tsohon masunci ne, ya ƙare ƙuruciyarsa da girmansa a bakin gulbi, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Babban ɗansa ya ɗauko shi ya kawo gidansa a birni. Ƙafa ba ta takawa, baki ba ya fitar da magana, ga kewar ruwa, har ya soma ƙin abinci. 'Yar tsohon da ke aure a unguwar ita ta yi dabara. Ta sayo akwatin gilashi, ta shimfiɗa yashi a ƙasa, ta dasa ciyayin ruwa masu rai, ta zuba 'yan ƙananan kifaye masu launi. A sama ta ɗora wata siririyar farar fitila wadda ba ta zafi, haskenta daidai wa daida, don ciyayin da ta dasa irin na inuwa ne, ba sa son rana mai yawa. Kullum takan zo ta kunna da hantsi, ta kashe da la'asar sakaliya. Ciyayi suka yi kore shar suna fid da sabon ganye, kifaye na shiga cikinsu suna fita. Wallahi tsohon nan sai ya farfaɗo. Yana kallon ruwan ake ba shi koko yana sha, yana bin wani jan kifi da yatsan hannunsa mai lafiya.

To, sai haihuwa ta zo wa 'yar, ta shiga jego, akwati ya koma hannun wanta, babban ɗan nan. Shi kuwa mai kiwon kajin gona ne, kuma ya iya, ba mai raina shi a wannan fage. A sana'arsu akan bar ƙwan lantarki a kunne dare da rana a ɗakin 'yan tsaki, ya ɗumama su, su yi ta ci ba barci, su yi ƙiba da wuri. Ya dubi fitilar ƙanwarsa ya taɓe baki, wai wannan ai rowa ce, Baba da girmansa a ba shi haske kamar na aci-balbal. Ya cire ta, ya rataya manyan ƙwayayen lantarkin ɗakin kaji guda biyu dab da ruwa, ya haɗa su da batirin sola don ko an ɗauke wuta kada su mutu. Wai kafin ta fito daga jego ciyayi su cika akwati, ta zo ta ga yadda maza ke aiki. Kai, jama'a! Kifi kaza ne? A ina ka taɓa ganin gulbin da rana ba ta faɗuwa a kansa?

Tsohon ya gane tun ranar farko. Ya yi ta buga katifa, yana nuna fitilun, yana girgiza kai. Matar ɗan ta ce, "Baban yara, Baba fa ba ya so." Ya ce, "Rigimar tsufa ce, zai saba." Ka ji fa! Wannan shi ya fi ƙona min rai. Ga waya a aljihu, bai kira ƙanwa ya tambaya ba. Ga mai abu a kwance yana cewa a'a da iyakar abin da ya rage masa, an mai da shi yaro.

Ba a jima ba gansakuka ta samu abin da take so. Ta soma da jikin gilashi, ta bi ganyaye ta lulluɓe, ruwa ya koma kamar miyar kuka. Ciyayin da ake so su bunƙasa suka shaƙe a ƙarƙashinta, suka yi rawaya, suka ruɓe. Da gogan naka ya ga ruwa ya yi duhu ba a hango kifi, me kake tsammani ya yi? Ya ƙaro ƙwai na uku! Ruwa ya ɗau zafi, kifaye suka taso sama baki buɗe suna haki, ba inuwar ɓuya, ba duhun hutawa. Tsoho na kwance yana kallo. Ya fi kowa sanin abin da kifi ke ciki in ya taso haka, amma ba bakin faɗa, ba ƙafar tashi ya kashe fitilun. Ɗaya bayan ɗaya suka juya ciki sama a gaban idonsa.

Ranar da 'yar ta yi arba'in ta zo da jaririnta, wari ne ya tare ta tun daga bakin ƙofa. Ta yi kuka har ta gode Allah. Wan nata jiki ya yi sanyi, ya ce a gyara ko nawa ne. Aka wanke akwati, aka sake dashe, aka zuba sababbin kifaye, aka mai da 'yar fitilar da aka raina. Da aka kawo gaban tsoho, sai ya ja mayafi ya rufe fuskarsa, ya yi nuni da hannu a fitar. An lallashe shi, an roƙe shi, ina! Ba zai ƙara sa ransa a abin da ba shi da ikon karewa ba. A zaure akwatin ya ƙare, baƙi na yabawa, shi kuwa wanda aka yi dominsa bai sake duban ruwa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman ƙiba an samo rama.